Tattasan Mairam da Hadarin Gabas

A tashar Nguru, motar Gashua saura mutum biyu ta cika. Mairam mai sayar da tattasai sai leƙen gabas take yi, don ta baro shanya a kan soro. Kusa da ita wani malamin makaranta ne.

"Baba, kwantar da hankalinki, wayata ta ce yau babu ruwa."

"Ɗan nan, wayarka ta shaƙi iskar nan kuwa? Ta juyo da sanyi."

"Ai iska lulluɓe take da duniya kamar bargo. Rana ta dafa kogi, tururi ya hau sama, ya yi sanyi, ya zama girgije. Sai ya yi nauyi yake zubowa."

"Au, murfin tukunyata ke nan! Wannan kuka je jami'a koyowa?"

Malamin ya tuntsire da dariya. "Shi ne dai, Baba. Amma na yau bai nuna ba."

"To, laimar da ke hammatarka fa?"

Ya sosa ƙeya. "Inna ce ta ce in riƙe. Ita kam ba ta taɓa kuskure ba."

Mairam ta zabura. "Direba! Tayar da motar nan, tattasaina!"