Sunan Ƙarya a Rajistar Asibiti

Iyaye mata, ku saurara, kada ku yi abin da na yi. Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka daga Agege.

Bara na kai ƙanwata Hadiza asibiti, aka ce sankarar mama ce. Ma'aikaciyar da ke rubuta masu wannan ciwon a rajista ta ce, "Hajiya, da wannan ake gane inda ciwon ya fi kama mata, da shekarunsu." Don kada magana ta kai unguwa, na ba ta sunan ƙarya, na ce daga ƙauye muka zo, alhali nan aka haife mu.

Hadiza ta rasu da azumi. Har yau ban yi kuka ba, ina dai girki ina wanki. Haka mahaifiyarmu ta tafi, ba a rubuta ta ko'ina ba. Ga ni da 'ya'ya mata uku.

Na koma asibitin na gyara sunan Hadiza a rajistar. Yanzu doka ce a gidana: duk wadda ta ji ƙullutu a nono za ta faɗa mini a ranar, mu tafi asibiti, ta faɗi sunanta da bakinta.