Almakashi da Takobi

Mai girma shugaban taro, wakilan iyayen ƙasa daga Anka, Gummi da Bukkuyum, malamai, iyayena mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni ne Muttaka, malamin tarihi, kuma ina godiya da kunka ba ni dama a wanga zaman sulhu. Kowa ya san abin da ya tara mu: rawanin marigayi dagaci Makau, wanda ɗansa Bilyaminu ke nema, ƙannen marigayin, Labbo da Jatau, su ma suna nema.

Da farko, tarihi. A ƙasar Faransa ta dauri, doguwar suma ita ce rawanin 'ya'yan sarauta, wanda anka aske ya fita layi. Wani sarki ya mutu ya bar yara hannun kakarsu, tsohuwar sarauniya. Baffanninsu sunka karɓe su da sunan naɗi, sannan sunka aika wa tsohuwar almakashi da takobi, ta zaɓa. Cikin fushi ta ce gara ta gan su matattu da ta gan su askakku. Ɗan aike bai jira ta huce ba. Yara biyu sunka halaka a kan wagga kalma.

Na biyu, mu dawo gida. Ran da baffanni sunka ce wa Inna Larai jikanta Bilyaminu ya janye ko ya bar gida, ranta ya ɓaci, ta ce gara gidan ya tsage. Kafin la'asar maganar ta hau babur ta kai Gummi. Wa ya kai ta? Mu ne, jama'a. Mu ne 'yan aiken, kuma wallahi abin ya ba ni kunya.

Na uku, saƙo. Jiya Inna ta kira ni ta ce, "Muttaka, tai ka hwaɗa musu na janye maganata. Ni na haihi Labbo da Jatau, ni na goya Bilyaminu. Kowa anka naɗa, akushi guda za su ci."

Waccan sarauniya ba ta sami damar janyewa ba. Inna ta samu. Ku da kunka yi gudu da maganar fushinta, ina roƙonku ku yi irin wannan gudu da wagga.

Allah Ya jiƙan Makau, Ya haɗa kan gidansa, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.