Mako Guda a Ramin Zakuna

A ɗakin jira na asibiti, wata mata tana yanka zakuna daga kwali. Tsohon da ke gefenta ya gaji da kallo.

"'Yata, wa za su cinye?"

"Na yaran makarantar Lahadi ne, Baba. Labarin bawan Allah da aka jefa ramin zakuna."

"Minti biyar kun fito da shi, ko ƙwarzane babu. Marigayiya matata shekara uku ta yi a nata ramin na jinya."

"Ni ba na fito da shi ranar. Da an rufe ramin nake sallamar yaran, sai wani mako."

"Iyayen sun yarda?"

"Sun kai ƙarata wurin fasto, wai yara na kuka. Jibi za a yanke ko za a karɓe ajin daga hannuna."

"To ki sassauta mana."

Ta gyara zama. "Ɗiyata na ciki, ana ƙara mata jini. Da za su shiga da ita ta ce, 'Mama, kar ki damu, makon rami ne.' Wannan zan sassauta?"

Tsohon ya dubi ƙofar da aka shiga da yarinyar, ya juyo gare ta.

"Jibin ƙarfe nawa zan zo? Ina da tsohuwar kwat, kuma fastoci ba sa son gardama da ni."