Ciyawar da Karsim Ya Ƙi Yankewa

A tashar bas ta birnin Bekasi, wata mata ta matsa kusa da wani dattijo mai injin yankan ciyawa a kafaɗa.

"Baba, kana neman aiki? Zan sallami mai yanke min ciyawa, Karsim."

"Me ya sata?"

"Ko tsinke. Taurin kai ne. Ya aske tsakar gidana tas, amma kullum sai ya bar wata ciyawa a bakin famfo. Har maƙwabta sun fara surutu. Duba hoton a wayata."

"'Yata, ai shinkafa ce! Har ta ɗauki ciki. Ɗan ina ne?"

"Indramayu."

"Shi ya sa, ai yankin manoman shinkafa ne. Ni ma hannuna ba zai iya ba. Shekara tara ina aske ciyawar da ba ta ciyar da kowa, rabona da gonata."

Ta daɗe tana kallon wayar.

"Babana manomi ne fa. A kunyar gonarsa na koyi tafiya. Yau ni ce ban gane shinkafa ba?"

"Birni kenan."

"Yaushe za ta nuna?"

"Wata guda."

"To, maƙwabta su yi ta yi."