Kawuna Tela Yana Nan da Ransa

Mai girma shugaban taro, dattawan unguwa, iyayenmu mata, 'yan uwana matasa, da waɗanda suka tsaya a bakin ƙofa don kujeru sun ƙare, assalamu alaikum. Na gode da aka ba ni dama, ni da ban yi nisa a karatu ba, facin taya nake yi.

Ranar Talata da safe, ina buɗe rumfata, sai na hango kawuna tela zaune gaban keken ɗinkinsa, yana karanta sanarwar rasuwarsa a waya. Ashe wani tela ne ya rasu a wata unguwa, hotonsa bai fito da kyau ba, sai mai tura saƙon ya sa na Kawu, wai ai duk teloli ne.

Abu na farko, jama'a: Kawu ya rubuta a zauren unguwa na waya, "Ina nan da raina." Aka amsa, "Allahu akbar, maganarsa ta ƙarshe ke nan." Ya tura murya, aka ce, "Allah sarki, kamar yana raye!" Aka yi ta turo fuska mai hawaye, amma ba wanda ya tako ya leƙa shagonsa, alhali daga nan ana jin ƙarar kekensa.

Na biyu: tun ranar ba a kawo masa ɗinki ba. Wata baiwar Allah ta zo, ta yi masa ta'aziyyar kansa, ta karɓi yadinta daga hannunsa, ta tafi. Mai ginin kuwa har ya fara nuna wa masu neman haya shagon, Kawu na ciki yana sa maɓalli.

Na roƙi mai kula da zauren ya goge sanarwar. Ya ce, "Haba ƙanena, ba mu taɓa samun saƙon da ya yi farin jini haka ba."

Roƙona ɗaya ne, shugaba: ka miƙe yau, a gaban kowa, ka ce Kawu na raye, tun kafin a ba wani mabuɗin.

Allah ya jiƙan telan da ya rasu, wanda aka yi wa addu'a da fuskar wani. Allah ya ba mu tsawon rai, ya mai da kowa gida lafiya.

Kuma ba ni kaɗai na ga Kawu da ransa ba. Mai shayi ya gani, mai aski ya gani, mai haƙan kabari ma ya gani, don da shebur ɗinsa ya zo yana tambayar Kawu ko a cike ramin. Kawu ya ce, "Bar shi, malam. Ai ba ƙarya suka yi ba, sauri suka yi."

Na gode.