Memorin da Ya Cinye Guɗar Hajiya Rabi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da kai da masu sauraro. Ni ne Malam Sabo mai gyaran keke a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma wannan ƙorafi ya daɗe yana cin raina.

Ina da kaset na bikin 'yata, a ciki akwai muryar matata marigayiya Hajiya Rabi tana rangaɗa guɗa. Da rediyona ta lalace, na karaɗe Tarauni ban samu mai cin kaset ba. Wani mai shagon waya ya ce, "Baba, an daina yayin wannan, kawo a tura maka a memori." Ya tura, ya ce kaset ɗin ya gama amfani, na bar masa.

Ba a rufa shekara ba memorin ya daina magana, wai ya ƙone. Na koma neman kaset ɗina, ashe sun zubar. Har yana ce mini, "Baba, ai waƙoƙi birjik a intanet." Na ce, "Wacce ce Hajiya Rabi a cikinsu?"

Kaset ya tsufa a hannuna bai taɓa cin amanata ba. To masu ƙera kayan nan, wa kuka tambaya kafin ku kashe shi? Ku fito gidan rediyon nan ku amsa mini. Na kasa kunne.