Na Goge Takardar Inna Halima da Hannuna

Salamu alaikum ya ustaz, da kai da masu saurare. Ni ne Adamu, mai buga takardu a kasuwar Gadarif.

Na cire tsohuwar manhajar kashe bairos daga kwamfutata, ragowarta ta hana sabuwa shiga. Na nemi abin sharewa a shafin kamfanin, suka ce ban da 'yan Sudan. Raina ya ɓaci, na bi ragowar da hannu na goge tas.

Ashe a cikin ragowar nan tsohuwar manhajar take kulle duk abin da ta zarga, har da hoton da na ajiye na jinsiyya, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ta marigayi mijin Inna Halima ta garin Hawata. Ita takardar ta asali kuwa, ruwan damina ya cinye ta.

Jiya Inna ta zo, ta ce, "Adamu, ciro min takardar nan. Sun ce autana ba zai samu tasa ba sai da ta ubansa, wai mu baƙi ne."

Na ce ta dawo Asabar ta karɓa. Wallahi ƙarya na yi.

Don Allah, wanda ya san hanyar dawo da ita ya taimaka. In babu, ku faɗa min da wane baki zan gaya mata.